Baƙin Mai A Kududdufin Makaranta

Palladan, Zariya.

Yayana Kefas,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wasiƙar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya tsare ka daga wannan ruwan sama naku da ba ya gajiya. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma zuwa zumuntar mata, ko da yake ta ce ba maganin asibiti ne ya yi aiki ba, addu'arta ce. Maigidana Othniel kuma masararsa ta Dogarawa ta fara fitar da kai.

Ka tambaye ni labarin kududdufinmu, ka ce za ka aiko wa yara littafin hotunan tsuntsaye. Kada ka wahalar da kanka, Yaya. Abin da zan gaya maka ke nan, kuma da nauyin zuciya nake rubuta shi.

Ka san kududdufin nan na bayan makarantar da nake koyarwa, inda aka haƙi ƙasar gini tun da can. Tun farkon damina nake kai 'yan aji biyu bakinsa kowace Alhamis. Littafinsu ya ce halittu suna dogara da juna, amma ɗan shekara bakwai ba ya gane wannan sai ya gani da ido. A can suka ga ƙwan kwaɗo ya zama talibambam, talibambam ya fitar da ƙafa. Suka ga balbela tana cin kwaɗo, kwaɗo yana cin sauro. Wadda ta fi kowa zaƙewa ita ce Oluoma, 'yar Amaechi bakanike na Sabon Gari. Yarinya ce mai tambaya kamar lauya, har suna ta raɗa wa wani babban kwaɗo, wai Dikon, irin na coci, saboda yadda yake zama ya kumbura wuya kamar mai jiran a fara sujada.

Wata rana na ɗebo ruwa a kwalba na nuna musu tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, na ce ita ma abincin wasu ce a cikin ruwan. Oluoma ta je gida ta ba da labari da murnarta. Ashe a makon nan ƙaninta yana kwance a asibiti da zazzaɓin cizon sauro. Uban bai ji maganar abinci ba, sauro kawai ya ji. Ranar Asabar da iyaye suka zo sharar makaranta, ya ɗauko jarkokin baƙin mai daga garejinsa, kyauta, ya tuttule su a kududdufin, kamar yadda ake yi wa kwatami a unguwarsu. Madam Clementina mai makarantar ta yi masa godiya a gaban kowa, aka tafa masa.

Ranar Litinin tun daga ƙofa na ji warin. Ruwan ya yi baƙi yana ƙyalli, talibambam sun taso sama birjik, kwaɗi sun yi rigingine a gefe. Yara sun riga ni zuwa. Ba wanda ya yi kuka, tsayawa kawai suka yi suna kallona, ni da na ce musu kowace halitta a nan tana da aikinta.

Ban iya jin haushin Amaechi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Mutumin kirki ne, ɗansa ya so ya tsare. Bayan kwana biyu ya zo ya same ni a ofis, hula a hannu, ya ce Oluoma ta daina gaishe shi, ko abincin da ya sayo ba ta ci. Ya roƙe ni don Allah in gaya mata wani abu, tunda maganata ce kaɗai take yarda da ita.

To, na yi abin da ya roƙa. Na tsaya a gaban aji na ce kwaɗin ba su mutu ba, suma suka yi, kuma sun ƙaura zuwa wani ruwa can wajen Samaru. Yaran suka saki fuska, wasu har da tsalle. Da aka tashi, Oluoma ta tsaya sai da kowa ya fita. Ta matso kusa da teburina ta ce a hankali ita ta binne Dikon da hannunta a gindin katanga tun ranar Litinin, amma kada in damu, ba za ta gaya wa sauran ba.

Ta koma gaida ubanta, na ji an ce. A aji kuwa tana zaune tsaf, tana kwafe duk abin da na rubuta a allo, amma ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Mako mai zuwa darasinmu a kan yadda ruwa yake rayar da halittu ne. Na rasa inda zan kai su, duk sauran kududdufan an cike su an yi gidajen haya. Na kuma rasa da wace fuska zan dubi yarinyar nan in ce mata ga gaskiya. Na gaji, Yaya. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaida matarka Clara da kyau, da su Nedu da ƙaramarsu Amara. Mama ta ce ka kira ta ranar Lahadi bayan sujada. Othniel yana gaishe ku duka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Elizabeth