Rabon Ƙwayar Hawan Jini

Nasarawa GRA, Kano

Zuwa ga ƙanwata Laure,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya mutanen gida? Ma'u mai yi mana girki ce ke rubuta mini.

Likita ya ce zuciyata ta kumbura, jini kuma ya hau. Kullum da safe Muhibba, matar ɗanki Abdulƙadir, sai ta ɗaura mini wani abu a damtse, ya matse, ta duba lamba, ta yi shiru. Shirun nan nake tsoro. An hana ni gishiri, an hana ni goro. Har allurar rigakafin ciwon huhu sun yi mini, wai mai irin zuciyata in ya kama ta da wuya ta tashi. Na runtse ido aka yi.

An ce mini ciwon kan nan ya dawo miki, har da jiri. Haka nawa ya fara. Ƙwaya biyu ake ba ni a yini. Ta safe nake sha, ta yamma in ƙulle a bakin zane. Na tara ta wata guda, ga ta nan a ƙullin daddawa, Hamisu direba da zai kawo miki bai sani ba. Ba zan sha ni kaɗai ba kina can kwance. Ma'u ta yi alkawari ba za ta faɗa ba.

A gaida Ya'u da iyalinsa.

Yayarki,
Kande

Nasarawa GRA, Kano

Laure,

Ina gaishe ki, da fatan wannan ta same ki a tsaye. Yau Muhibba ce ke rubutawa, in maganar ba ta fita ba sai in sake.

Ran Talata na faɗi wajen alwala. Kwanana huɗu a asibiti. Bakina ya ɗan karkace, hannun hagu ba ya ɗaguwa. Likita ya rasa yadda jinin ya hau haka ga mai shan magani, sai Ma'u ta faɗa tana kuka. Ban riƙe ta ba. Ɗanki bai yi faɗa ba, fita kawai ya yi.

Ashe ƙwayar nan ba a rabonta. Kowa sai an auna shi. Muhibba ta ce in jininki bai hau ba, tana iya saukar da shi ki yanke jiki ki faɗi, ko a bakin rijiya ne. Tun da ta faɗi haka abinci ya ƙi shiga.

Kada ki ƙara shan ko ɗaya, don Allah. Hamisu zai kawo wannan, ki biyo shi a auna ki. Sauran ƙwayar ki taho da ita.

Muna ta kiran wayar Ya'u tun jiya ba ta shiga. Na ce su ajiye mini kujera a bakin ƙofa in jira ki.

Yayarki,
Kande