Dutsen da Ya Koma Tulu

Zuwa ga Taiba, sanyin randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiya ga wanda ya sha rana, farin wata a kan gulbi. Gaisuwa irin ta addini, da fatan kin tashi lafiya, ke da kakarki Baturiya.

Taiba! Mi kika yi mani? Tun jiya da na fito gidanku ƙafata ba ta san ƙasa ba. Ni Ɗanliti, da ke ɗaure wa limami wutsiyar kaba, yau ni aka bari baki buɗe kamar ƙofar rumbu!

Kin tuna ranar da ruwan dam ya tashe mu? Kowa ya ɗauki hatsi da tabarmi, ke kika ɗauko curin yumɓu a kai, daga ramin da kakanninki suka yi ginin tukwane da yumɓunsa, ramin da yanzu kifi ke kwana ciki. Na bi ki a baya ina dariya har bakin hanyar Maradun. Curin ya zauna ƙarƙashin rumbunku, rana ta gasa shi, ya zama dutse. Ni kuwa na maishe shi kujerata. Kullum na zo zance a kansa nake zama, ina kiransa angonki.

To sai bakina ya ja mani. Ranar kasuwar Mafara, gaban ƙawayenki, na ce ranar da wanga dutse ya zama tulu, ran nan zan turo manyana. Kika dube ni da idanun nan naki masu kama da na barewa, kika ce, "Na ji." Wallahi na zaci wasa ne muke yi!

Jiya na shigo ina neman kujerata, babu ita. Innalillahi! Kaka ta ce da taɓarya kika farfasa dutsen, kika daka a turmi, kika tankaɗe, kika yayyafa ruwa kaɗan kaɗan kika rufe da jiƙaƙƙen buhu har ya sha ya kwanta. Sannan kika zuba dakakken tsingaro, kika taka shi da ƙafafunki masu lalle, kika cuɗa har ya yi laushi kamar tuwon shinkafa. Ga shi can cikin inuwa, tulu mai dogon wuya irin naki, ɗanye, yana shan iska. Ashe dutse na jin magana? Ashe hannun da na sani da miƙo mani ruwa yana tashin matacce?

Ban gama haɗiye wannan ba sai Kaka ta ƙara mani. Ta ce, "Kai, mijin wasa, Alhamis za a gasa tulun. Tulun ɗakin amarya ne, kuma babu wani yumɓun garinmu a bayansa. In manyanka ba su zo ba, na Maiwada ɗan Bakura sun daɗe suna sallama."

Da gudu na tafi wurin Kawu Abdulmumini, na durƙusa, na gaya mashi. Kin san abin da ya yi? Ya yi dariya har hularsa ta faɗi! Ya ce bara ma na tura shi gaisuwar mutuwar wanda ya tarar yana cin ɗanwake. Na rantse, ya ƙara dariya. Na yi hawaye, ya ce yaron nan ya ƙware. Wayyo ni! Wa zai yarda da ni, in ba ke ba?

Ya ke ruwan farko na damina, ki roƙar mani Kaka kada ta amsa sallamar kowa kafin wuta ta kama. Kawu ya ce sai ya ga ɗanyen tulun da idonsa, ya kuma ji daga bakinki cewa ba tare muka shirya mashi ba. Zan kawo shi gobe bayan la'asar, ko da goyo ne. In ya tambaye ki, don Allah, Taiba, kada ki yi murmushi. Ko kaɗan! Murmushin nan da nake mutuwa a kansa, gobe kaɗai ki ɓoye shi, sauran kwanakin duniya nawa ne.

Naki har ruwan dam ya koma inda ya fito,
Ɗanliti