Hazon da Senhor Carrapiço Ya Ce Babu

Graciete Valadas Pombo,
Lamba 14, Rua das Nespereiras,
Amadora.

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga:
Mai girma Dona Ermelinda Sequeira,
Shugabar Kwamitin Ɗa'a da Ladabtarwa,
Ƙungiyar Masu Jagorar Baƙi ta Tsauni da Gaɓa,
Sintra.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN SENHOR HÉLDER CARRAPIÇO, MAI KATIN ƘUNGIYA LAMBA 212, DANGANE DA TAFIYAR RANAR TALATA, 9 GA AFRILU, 2024

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ki da sauran 'yan kwamiti, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifina, Senhor Albertino Valadas, mai shekara tamanin da huɗu. Bai san na rubuto ba, da ya sani kuwa da ya hana ni. Ni tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, shekara ashirin da takwas na yi a bayan kanta ina buga hatimi, saboda haka ba na wasa da rana ko lokaci, kuma duk ƙarfen da zan ambata a nan na duba agogo kafin in riƙe shi.

Domin kwamiti ya gane nauyin al'amarin, wajibi ne in fara da bayanin mahaifina. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin lambu a gindin fadar da ke kan tsauni. A cikin abin da ya shuka da hannunsa akwai jerin bishiyoyi arba'in masu jan fure, waɗanda aka tsara su lanƙwashe kamar lauje har bakin tafki. Ba a ganin wannan siffa sai daga barandar sama ta fadar. Shi kuwa bai taɓa hawa can ba, don a zamaninsu mai lambu ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita. Da ya bar aiki sai jinyar mahaifiyata ta riƙe shi, bayan ta rasu gwiwoyi suka riƙe shi. Yanzu idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce za a iya tsayar da ciwon da allura, ya kuma sa masa ranar Talata, 7 ga Mayu, a fara. Baba da kansa ya ce kafin a taɓa masa ido yana so ya ga lambunsa daga sama sau ɗaya. Wannan shi ne dalilin tafiyar, babu wani.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Ranar Litinin, 18 ga Maris, na je ofishin Senhor Carrapiço na yi rajistar tafiyar yini guda ta mutum biyu kacal, da mota da jagora namu na kanmu. Na zaɓe shi ne saboda motarsa tana da izinin hawa har ƙofar fada, Baba kuwa ba zai iya layin bas ba. Tsarin tafiyar ya haɗa da garuruwan bakin teku, waɗanda ba mu da buƙatarsu, amma ban yi musu ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya, na rubuta shi da hannuna a kan fom, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa: fada tukuna, da safe. Ya karanta, ya sa hannu, ya nuna mini tikitin shiga na ƙarfe tara da rabi. Na kuma gaya masa halin da idon Baba yake ciki, ban ɓoye masa komai ba.

2. Ranar tafiya ya zo ƙarfe takwas daidai, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya goge gilashinsa har sau uku. Ƙarfe tara saura kwata muka tsaya a wani shagon kofi a gindin tsauni. A nan Senhor Carrapiço ya haɗu da wani abokin sana'arsa mai ɗauke da baƙi huɗu daga jirgin ruwa. Ina kallonsu ta taga suna musayar takardu a kan bonet ɗin mota, ban kawo komai a raina ba. Da ya dawo mota sai ya juya kanta zuwa teku. Na tambaye shi dalili. Ga amsarsa, kamar yadda ta fito daga bakinsa: "Haba 'yar uwa, su jirginsu ba ya jira. Ku fa 'yan gida ne, tsaunin nan ina za shi? Na karɓo mana na ƙarfe huɗu, ya ma fi daɗi, babu cunkoso." Ya ƙara da cewa haka masu jagora suke rufa wa juna asiri, yau kai gobe ɗan uwanka. Ina so kwamiti ya sanar da ni ko wannan al'ada tana cikin dokokin ƙungiya. Idan tana ciki, a nuna mini sakin layin da ya ce lokacin ɗan ƙasa kyauta ne, ana iya miƙa wa wani ba tare da an tambaye shi ba.

3. Mahaifina ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya sauke gilashin mota, ya miƙa hannu waje, ya ce: "Ɗana, iskar nan ta teku ce. Bayan ƙarfe biyu hazo zai rufe kan tsaunin." Senhor Carrapiço ya yi dariya, ya ɗago wayarsa ya ce: "Kawu, wannan ta ce rana ce har yamma. Idan ka fi ta gaskiya, ni zan saya maka kofi." Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana karanta iskar wannan tsauni, aka ƙaryata shi da waya. Ni na so in yi rigima a nan take, Baba ya dafa hannuna ya ce kada in kunyata mutum a cikin motarsa.

4. Daga nan aka yi ta yawo da mu kamar mun sauko daga jirgin sama jiya. An kai mu garin Cascais na bakin teku, inda na yi hutun makaranta tun ina 'yar shekara bakwai, aka tsaya ana nuna mini jiragen masunta. An kai mu bakin wani dutse mu ga teku tana dukansa. Duk tsawon safiyar nan tsaunin yana bayanmu tangaran, ko ɗigon gajimare babu a kansa, ina ganinsa ta madubin mota ina haɗiye baƙin ciki. Ƙarfe ɗaya saura minti goma muka zauna cin abinci a gidan cin abincin wani aminin Senhor Carrapiço, ba mu tashi ba sai ƙarfe uku saura kwata. Ba ni da ƙorafi a kan kifin, ya gasu. Amma ina so a lura da wani abu da ya faru a kan teburin nan, don zai dawo a gaba. Baba ya saki jiki da Senhor Carrapiço, ya ba shi labarin bishiyoyinsa arba'in, da shekarar da aka shuka su, da yadda ya riƙa ɗauko musu ruwa a bokiti lokacin fari, har ya zana masa siffar laujen da cokali a kan shimfiɗar tebur.

5. Mun isa barandar sama ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar. Sau huɗu Baba ya tsaya hutawa a kan matakala, ban taɓa jin numfashinsa ya yi irin wannan ƙara ba. Ranki ya daɗe, babu abin da ake gani. Farin hazo ya cika ko'ina, irin mai jiƙa gashi, ko hasumiyar da ke kusa da mu sai rabinta. Sauran baƙi suna ta ƙunƙuni da yarukansu, waɗanda Baba ba ya jin ko ɗaya. Ya riƙe bangon baranda da hannu biyu, ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. Abin da ya kamaci duk mai mutunci a wannan lokaci shi ne ya ce: Kawu, ka yi gaskiya, na yi kuskure. Senhor Carrapiço bai faɗi haka ba. Matsowa ya yi, ya miƙa yatsa cikin farin nan, ya ce: "Ka gani ko, Kawu? Ɗan siriri ne hazon, ana ganin komai. Ga laujenka can, ga jan furen, har bakin tafki. Kai, ka iya aiki!" Maganar da tsoho ya ba shi a kan tebur, ita ya ɗauko ya mayar masa, don kada a ce wayarsa ta yi kuskure.

6. Wannan sakin layi a kaina yake, kuma na rubuta shi ne don kada a ce na ɓoye nawa laifin. Baba ya san hazo daga ƙasa, bai san yadda yake daga sama ba. Ya juyo ya tambaye ni: "Graciete, haka ne? Ana gani?" Na dubi fuskarsa, na tuna matakalar da ya hau, na ce eh. Na ɗauka idan ya ji suna nan, sun yi kyau, zai ji daɗi. Ya daɗe yana kallon wurin da aka nuna masa. Daga baya ya ce: "To, madalla." Da muka koma gida ya zaga ɗan lambun da ke bayan gidanmu ya tsinko lemun tsami cike da leda daga bishiyarsa ya ba Senhor Carrapiço, ya yi masa godiya. Shi kuma ya sa hannu biyu ya karɓa.

7. Washegari Baba ya sa gilashinsa a aljihun tebur, har yau bai sake ɗauko shi ba. Ya daina zama a bakin taga. Ya daina zuwa shagon kofin unguwa inda yake buga karta da abokansa kowace safiya. Ranar Alhamis, 11 ga wata, ya ce in soke ranar likita. Ya ce idan mutum biyu suna tsaye kusa da shi suna ganin bishiya arba'in da jan fure, shi kuwa fari kawai yake gani, to ganin nesa ya riga ya tafi, kuma ba zai bari a soka masa allura a ido don ya riƙa ganin kwanon miya ba. A nan na durƙusa na gaya masa gaskiya, cewa hazo ne, ni ma ban ga komai ba. Ya shafa kaina ya ce: "Ke 'yata ce, dole ki faɗi haka." Na nuna masa hoton da na ɗauka a barandar, fari fat daga sama har ƙasa. Ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan, fari yake gani. Na kawo maƙwabcinmu ya yi masa magana, Baba ya ce ni na turo shi, kuma gaskiyarsa ce. Hujjarsa ɗaya ce ba ya sauya ta: jagoran nan mutum ne mai kati a wuya, ba danginmu ba ne, me zai sa ya yi masa ƙarya?

8. Na kira Senhor Carrapiço a wannan rana ta Alhamis, bai ɗauka ba. Na sake kira ranar Litinin, 15 ga wata, ƙarfe goma da minti biyar. Ya saurare ni, sa'an nan ya ce shi ba ya da iko da sararin sama, kuma abin da ya yi alheri ne, don ya faranta wa tsoho rai. Ya ce lokacin baƙi ya kama, ba shi da rana ko ɗaya sai Oktoba, amma zai aiko mini da takardar rangwame. Ta iso ranar Juma'a. Na haɗo ta da wannan wasiƙa, a mayar masa, ba ni da abin yi da ita.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ba na neman a mayar mini da ko sisi, ba na kuma neman a ƙwace masa kati, na san yana da iyali. Ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya duba al'adar nan ta musayar tikiti a bayan idon masu shi. Sai kuma babbar buƙatata: a umarci Senhor Carrapiço ya zo gidanmu da ƙafarsa, da katinsa a wuya, kafin ranar 7 ga Mayu. Idan da hali ya sake hawa da mu da safe kafin furen ya gama zuba, zan gode. Idan babu hali, ya zauna a gaban mahaifina minti biyar ya gaya masa cewa Baba ne ya yi gaskiya a kan iska, kuma shi ma da ya miƙa yatsa bai ga komai ba. Ban soke ranar likita ba, Baba bai sani ba. Ni na riga na ɓata maganata a wurinsa da "eh" guda ɗaya. Duk duniya mutum ɗaya ya rage wanda zai yarda da shi, shi ne wanda ya yi masa ƙaryar.

Na haɗo kwafin fom ɗin rajista mai ɗauke da sharaɗina da sa hannunsa, da tikitin ƙarfe huɗu guda biyu, da takardar ranar likita, da hoton da na ambata.

Ina fatan kwamiti zai dubi wannan koke da idon rahama, ya kuma lura cewa kwana goma sha biyar suka rage. Ki huta lafiya, tare da matuƙar girmamawa.

Taki mai biyayya,

Graciete Valadas Pombo