Fitilar gidana ta nuna ni

Yaya Salisu,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajiya? Mu lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Tun da aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya, shagon sola da ka bar mini a Maraɗi bai huta ba. Jiya ina haɗa famfon wani lambu a Jiratawa, mutum biyu suka tsaya da babur. Wai in saka musu sola cikin dajin bakin iyaka. Na hango bindiga ƙarƙashin rigar ɗayansu, na ce kaya sun ƙare. Ya yi murmushi ya ce, "Malam Habu, ai fitilar gidanka kaɗai ke ci a unguwarku."

Yaya, tun jiya ban kunna ta ba. Ku sa mu a addu'a. A gai da yara.

Ƙaninka,
Habu