Ta'aziyyar Malam Saleh Mai Guduma, da Inda Za a Shimfiɗa Tabarmi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Fasinjoji da 'Yan Kasuwar Layin Dogo ta Nguru da Gashua, ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Hajiya Meram Kellu, uwar masu sayar da banda ta kasuwar Nguru, ta samu labarin rasuwar dattijonta, mai ba ta shawara, kuma babban shaidarta, Malam Saleh Zarami, wanda jama'a suka fi sani da Mai Guduma. Allah Ya karɓi ransa ranar Asabar da ta wuce bayan sallar azahar, a gidansa da ke kwatas ɗin ma'aikatan jirgi a Nguru, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura da la'asar ɗin ranar kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Ya Fanne, da 'ya'yansa shida da jikokinsa, da yayansa kuma babban gidansu, Alhaji Fatihu Zarami na Gashua, da tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka rage, da duk wanda ya taɓa zama a kan buhu a tashar Nguru yana miƙa wuya ya hango hayaƙi.

An haifi marigayin a Gashua, a gidan masunta. Ya fara zuwa Nguru yana saurayi a saman motar kifi, ya ga jirgi, bai koma ga taru ba. Ya shiga aiki a matsayin lebura, daga baya ya zama mai duba layi, aikin da ya yi shekara talatin da biyar, ya yi ritaya, ya kuma ci gaba da yinsa wata shekara goma sha shida ba tare da kowa ya sa shi ba. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda yake: mutum ya fito bayan sallar asuba da doguwar guduma a kafaɗa, ya bi layin da ƙafa, duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ya tsaya ya buga, ya saurara. Inda yashi ya hau ya kwashe, inda kusa ta kwance ya ɗaure. Mai wannan rubutu ta taɓa bin sa tana riƙe da takarda da biro, tana tambayarsa wane ma'auni yake amfani da shi. Ya miƙa mata gudumar ya ce, "Malama 'yar jami'a, ajiye biron. Ki buga ki ji. Lafiyayye zai amsa miki da ƙara, wanda ya tsage muryar mai mura gare shi." Ta buga sau uku ba ta ji bambanci ba. Ya karɓi abarsa ya ce ba komai, ai kowa da karatunsa.

Mutanen da suka manyanta ba su manta da daminar da ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar Birniwa ba. Marigayin ne ya tarar da ƙarfen yana lilo a kan iska, ga jirgin Kano ya kusa tasowa, ga jar tutarsa ta daɗe da ruɓewa, ya rubuta a ba shi wata har ya gaji. Ya ruga wurin wata mata da ke shanya kifi a bakin ruwa, ya roƙi jan mayafinta, ya ɗaura a kan guduma ya tsaya a tsakiyar layi. Jirgin ya tsaya saura taku kaɗan. A cikinsa akwai mata da kwandunan banda, da fataken gero daga Yusufari da Jajimaji, da marasa lafiya da ake kaiwa asibiti a Kano, da ɗalibai masu komawa makaranta. Matar da aka ari mayafinta ita ce Shugabar wannan Ƙungiya a yau, kuma har yanzu tana cewa ba a mayar mata da shi ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban shi ne Alhaji Uwais Bobboi, wanda Allah Ya ɗaukaka, yanzu shi ne Mai Girma Shugaban kwamitin gwamnati mai sa ido a kan kamfanin da ke riƙe da wannan layi.

Ba al'adar Ƙungiya ba ce ta kawo zancen aiki a takardar ta'aziyya, amma ba za a iya faɗin yadda Malam Saleh ya ƙare rayuwarsa ba sai an faɗi abin da yake jira. Shekara shida da suka wuce aka damƙa layin a hannun wani kamfani. Jirgi ya riƙa zuwa mako-mako, ya koma wata-wata, ya koma sai an ji labari, sannan shekara biyu ke nan ko labarin babu. A farkon bana kamfanin ya nemi izinin ciccire ƙarafan, ya rubuta cewa yashi da ruwa sun gama da su, babu abin da ya rage sai tsatsa. Ƙa'idar kwamitin ta ce ba za a yanke hukunci ba sai aƙalla mutum uku daga cikin wakilansa biyar sun taka layin da ƙafarsu sun gani da idonsu. Ta kuma ce, a wani sakin layi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, idan kwana casa'in suka cika ba a zo ba, rahoton kamfani ya zauna. Kwana casa'in ɗin za su cika ranar Juma'ar nan, lokacin tashi daga ofis, wanda kowa ya san a ranar Juma'a ba ya kaiwa azahar. In aka cire ƙarfen, babu wanda ke raye a yau da zai ga an mayar da shi.

Sau biyar kwamitin ya sa ranar zuwa. Karo na farko taron ƙara wa juna sani ya taso a Abuja. Na biyu mota ta samu matsala. Na uku ya faɗo ranar ɗaurin auren 'yar wani babba, na huɗu kuma ranar walimar. Takarda ta biyar ba ta kawo dalili ba, kuma Ƙungiya ta yaba da wannan gaskiya. Kowane karo kamfanin yakan sa a shafe duwatsun gaban tasha da farar ƙasa, a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a kuma tare hanyar da ke bi ta gefen layin da katako, don kada manyan baƙi su wahala da ganinsa. Kowane karo Malam Saleh yakan sa tsohon kakinsa da Ya Fanne ta goge masa, ya ɗauki guduma, ya tsaya a ƙarshen dandamali tun hantsi har a naɗe rumfar.

Bayan karo na uku ya ce wa Shugaba, "Meram, mutanen nan kunnensu ba irin nawa ba ne, gara in rubuta musu abin a ƙasa." Ya tattara ragowar farar ƙasar da kamfani ya zubar a bayan tasha, ya sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti, ya shiga layin cikin zafin bazara. Mako biyar ya yi yana fita da asuba yana dawowa da rana tsaka, kullum yana ɗorawa daga inda ya tsaya jiya, har ya kai iyakar yankin da ya duba duk rayuwarsa. Duk mahaɗar da ya buga ta amsa, ya ɗiga mata fari. Wadda ta tsage ko ta kwance, ya ɗiga mata ja. Jajayen talatin da bakwai ne, bai rage ko ɗaya don ya taimaki Ƙungiya ba, har Shugaba ta yi masa ƙorafi ya ce ta je ta buga da kanta. Sauran duk fari ne, a jere, iya ganin ido. Ranar da aka sa karo na biyar ya tsaya a dandamali kamar kullum. Washegari bai fita ba.

Ƙungiya ba ta ce jira ne ya kashe shi ba, kuma ba ta yarda wani ya faɗa da sunanta ba. Likita ya ce zuciya ce, mu kuma mun san kwana ne ya ƙare. Abin da kawai muke faɗa shi ne abin da kowa ke gani: tireloli biyu suna tsaye a bayan sito tun makon jiya, masu yankan ƙarfe suna kwana a ƙarƙashinsu da tukwanensu na gas, suna shan shayi suna lissafa kwanaki kamar yadda muke lissafawa. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas kwana uku a jere yana watsewa. Farar ƙasa ba ta jure ruwan sama. Jan fenti yana jurewa. In ruwan farko ya riga baƙi sauka, abin da zai rage a kan layin shi ne jajaye talatin da bakwai, wato shaidar kamfani da hannun Malam Saleh. Mambobinmu da suka saba roƙon ruwa a wannan lokaci sun shiga wani hali da ba su san yadda za su yi addu'a ba.

A bisa al'adar gidansu, addu'ar bakwai a Gashua ya kamata a yi ta, a ƙofar babban gida, kuma Alhaji Fatihu ya riga ya sa an share fili. Ya Fanne, wadda ke cikin takaba, ta aiko masa daga bayan labule cewa, "Yaya, shekara arba'in da bakwai ina goge kakin nan. Sau biyar na goge shi a banza. A shimfiɗa tabarmin inda ya tsaya, in ya so kowa ya zo ya same shi a can." Alhaji Fatihu ya ce tun ƙaninsa yana da rai mahaifinsu ma bai iya raba shi da ƙarfen nan ba, shi ba zai gwada yanzu ba. Ƙungiya tana gode masa da wannan dattaku, ta san abin da ya sarayar, za ta kuma tanadi motocin da za su ɗauko dangi daga Gashua.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa za a yi addu'ar bakwai ta marigayi Malam Saleh Zarami ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe, a ƙarshen dandamalin tashar jirgi ta Nguru, ɓangaren da ke kallon hanyar Kano.

Ƙungiya ta karɓi saƙonnin jaje masu yawa, kuma tana godiya ta musamman ga Mai Girma Shugaban kwamitin sa ido, Alhaji Uwais Bobboi, wanda ya bugo waya da kansa tun ranar Lahadi, ya tuna jan mayafi, ya ce in Allah Ya yarda ba abin da zai hana shi zuwa addu'ar bakwai, shi da abokan aikinsa biyu na kwamitin. Mun gaskata shi. A ƙasar nan ana ɗage taro, ana ɗage ziyarar aiki, ana ɗage zaman kotu, amma ba mu taɓa jin an aiko takarda an ɗage gaisuwar mutuwa ba. Ba ma kuma so wani ya ce an yi masa dabara, shi ya sa muka rubuta a fili: mutum ɗaya da abokansa biyu, uku ke nan, kuma uku ƙa'ida ta nema.

Ga masu zuwa da mota, babbar ƙofar tasha tana kulle, makullin yana hannun kamfani, mun roƙa an ce mai riƙe da shi ya yi tafiya. Sai a ajiye motoci a bakin mararrabar da ke bayan kasuwar hatsi, a biyo layin da ƙafa. Taku ɗari huɗu ne, ba za a ɓata ba, marigayin ya sa alama a duk hanyar. Muna roƙon manyan baƙi su ɗan tattare riga, su riƙa kallon ƙasa saboda tuntuɓe. Gudumarsa za ta kasance a gefen tabarmar farko, ga duk wanda ya so ya buga ya ji.

Allah Ya jiƙan Malam Saleh, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa tafiyar da ya yi a rana ta zame masa inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Ya Fanne da 'ya'yanta da Alhaji Fatihu da dukkan zuri'ar Zarami haƙuri da juriyar wannan rashi. Allah Ya kawo baƙinmu lafiya, a kan lokaci. Allah Ya ba mu damina mai albarka, daga ranar Asabar.

Sa hannu:
Malama Zulaihat Babagana
Kakakin Ƙungiyar Fasinjoji da 'Yan Kasuwar Layin Dogo ta Nguru da Gashua
A madadin Shugaba, Hajiya Meram Kellu