Wayar da Kombo ya ɗaura wa jirgin Lali

Kizingitini, Lamu.

Zuwa ga Yaya Famau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aikin tashar jiragen Maskat da zafin can. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mana kai. Mama ƙafarta da sauƙi, yara ma kalau.

Yaya, ni kam ba kalau nake ba. Maigidana Lali ya fita kamun kifi da mutanensa tun makon jiya, iskar kudu ta taso bayan tafiyarsu, har yau shiru. Oba-obar da ka aiko wa jirginsa, rediyon kiran nan, ta iso lafiya, amma ka san Lali da rashin haƙuri. Na ce ya jira mai haɗa wayar jirgi daga Mombasa, ya ce wai kifi ba ya jiran mutanen Mombasa. Sai ya kira Kombo, wannan mai haɗa wa gidaje wutar lantarki. Kombo ya ja waya daga batir, ya bi da wayar eriya ta jikin turken tsakiyar jirgi har ƙoli, ya kafe ta da ƙusoshi tsaf kamar a bangon ɗaki. Har yana cika baki wai ko jikokinmu za su gaje ta. Mutumin da ko jirgin fito ya shiga sai ya yi amai!

Ba wanda ya tuna cewa duk sanda za a juya jirgin, sai an zagayo da sandar filafili, wadda ke riƙe da zanen da iska ke turawa, ta gaban turken, tana gurzarsa. Tsoho Shee masunci ya gamu da su a tsibirin Kiwayu, ya ce ya ga wayar ta riga ta saɓule, jan ƙarfen a waje. Wai Lali ya naɗe ta da leda da igiyar kwakwa, yana dariya, ya ce a gaya mini na cika tsoro. To, tsoron nake ji, wallahi.

Inda suke salula ba ta kamawa. Jiragen da suka bi sawunsu igiyar ruwa ta koro su. Kombo ya zo yana kuka, na rasa ma zagin da zan yi masa. Kullum ina rumfar masunta gaban tasu oba-obar, ina kiran sunan Lali, ba abin da ke dawowa sai shuuu.

Kai ka san kayan nan, Yaya, don Allah kada ka lallashe ni. Idan wayar eriya ta tsinke, mu ne kawai ba ma jinsu, ko su ma ba sa jinmu? In suna ji, ba zan tashi daga rumfar nan ba.

Mama da Gwaggo Tima suna gaishe ka. Ka gaida Anti Zuhura da su Bwanaheri, ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Mwanaesha