Sunan da Na Rubuta a Kan Gidanki

Zuwa ga Bweni Zalhata, uwargida, uwar Anrafa, furen langilangina mai ƙamshi da ake tsinka kafin rana ta yi zafi, inuwar kwakwata, ruwan sanyin da ke gangaro mini daga dutse, wadda wata guda ke nan da ta zama Koko, kaka mai jika a cinya.

Ina yi miki sallama irin ta wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko za a ce ya shigo ba. Anrafa, 'yata, na san ke za ki karanta mata, tunda idonta ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe. Ki karanta duka. Kada ki tsallake wurin da ubanki ya ji kunya, don saboda wurin nan aka rubuta wasiƙar.

Bari in fara da farin ciki, domin ya cika mini ƙirji. Jika, Zalhata! Mace kuma! Guguwa ta kwashe rufin garinmu ranar Litinin, ranar Talata Allah ya aiko mana da ita a can tsibirin Mwali, kamar ya ce ga abin da iska ba ta ɗauka. Sai rana ta biyar waya ta dawo na ji labari. Ina cikin laka har gwiwa ina ɗaga itacen kanumfarin da ya faɗa kan hanya, na saki adda na hau rawa, ni da gemuna fari. Na ga hotonta a wayar limami. Goshinki ne, wallahi, da wannan leɓen naki na ƙasa da ke turowa idan za ki yi faɗa. Ban taɓa ta ba, ban ji ƙamshin kanta ba, amma na riga na zaɓar mata bishiyar mangwaron da zan ɗaura mata lilo. Wane irin mutum ne zai riƙe murna mai girman nan a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma akwatin kayansa?

Kin san zancen akwatin, ke kika ba da umarni. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka yi na kai kaina ga wannan, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Bayan guguwa, masu agaji suka yi ta sauka a tsibirinmu na Ndzuwani, kowace ƙungiya da takardarta. Na farko suka tambayi rufi, na biyu suka tambayi rufi da rijiya, na uku suka sake tambayar rufin. Tsohuwa Eshati ta ce wa na ukun in dai tambaya tana tare ruwan sama, da tuni ɗakinta ya bushe. A bayan dutse kuwa akwai ƙauyukan da ko mutum ɗaya bai leƙa ba. Sai aka turo wata jami'a, Bweni Sitti, ta haɗa kansu a birnin Mutsamudu, ta ce takarda ɗaya za a yi, lissafi ɗaya, kowane gari a samu ɗan gari ya bi gida gida ya rubuta. A garinmu matasa masu boko sun watse neman aiki, sai dattawa suka ce ai ga Humadi, ya yi makarantar yamma.

Kin tuna makarantar yamma, hasken idona? Ina da shekara arba'in da bakwai, na san allo ban san boko ba, mutane suna dariya wai tsoho zai zauna a bencin yara. Ke ce kika ce in tafi. Kina dawowa daga tsinkar fure, kwando a ka, ƙullin itacen sandal na kwalliya ya bushe a fuskarki, ƙamshinki ya riga ki shiga gida, ki ajiye mini ayaba da ganyen rogo mai madarar kwakwa a rufe, ki ce ba a karatu da yunwa. Ranar da aka zuba sabon siminti a dokin ƙofa, na ɗauki ƙusa na rubuta kalmar farko da hannuna ya iya ba tare da malami ba. ZALHATA. Kika tsaya kina kallo, kika ja shiromaninki, mayafin nan mai ja da fari, kika rufe baki, kika ce na ɓata miki siminti. Amma shekara goma sha shida ba ki bari an shafe ba, kullum kina share wurin da tsintsiya a hankali kamar mai shafa kan yaro.

Wannan hannun ne ya ci amanarki.

An koya mana aikin a safiya ɗaya. An ba ni riga mai aljihu, fensir biyu, da takardu. A saman kowane layi an ce a rubuta sunan mai gida, a ƙasa a rubuta mutanen da suka kwana a gidan kafin guguwa. Wanda ya tsara takardar daga nesa ya zo, daga inda namiji ke gina gida ya kawo mace. Bai san cewa a nan uba ne ke gina wa 'yarsa, miji ya shigo da akwatinsa ba. Shi bai sani ba. Ni na sani. Ba wanda ya fi ni sani, ni da na ga mahaifinki, Allah ya jiƙansa, yana ɗauko duwatsun bangon nan a kafaɗa.

Na zo layi na goma sha bakwai, na tsaya a tsakar gidanki babu rufi, sama a buɗe. Kafin guguwa kin riga kin yi kwana tara a Mwali wajen Anrafa mai shirin haihuwa, don haka a wurin masu kwana na rubuta mutum ɗaya. Wannan zan iya cewa takarda ce ta sa ni. Amma a wurin mai gida, Zalhata, ba takarda ba ce. Na rubuta Humadi Bakari, na ja baya na kalle shi, kuma ya yi mini daɗi. Shekara arba'in da ɗaya ina kwana a ɗakinki cikin wadata, ban taɓa jin na rasa komai ba, sai ranar nan fensir ya raɗa mini cewa ga bango huɗu da sunanka a kai. Na ce a raina ai takarda ce kawai, wa zai gani? Daga nan na bi gida ɗari da sittin da uku ina rubuta sunayen maza, su kuma suna gyara hula suna faɗa mini yadda ake kiran kakanninsu.

Ranar Juma'a aka karanta lissafin a dandali, da lasifika. Gidan wane, gidan wane. Mata suna tsaye a bayan katanga, ko sunan ɗayarsu ba a kira ba. Kafin la'asar labari ya haye teku. Da kika kira ni ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga. Cewa kika yi:

"Na tura ka ka koyi rubutu, Humadi. Babbar takardar farko da aka ba ka, sai ka goge ni daga gidan ubana."

Kika kashe wayar. Washegari ƙanenki Nasufu ya fito da akwatina ya ajiye a kan dokin ƙofa, daidai kan sunanki. Ya ce mini, cikin ladabin da ya fi mari zafi, tunda yanzu na zama mai gida, sai in nemi gidan da na gina in kai kayana. Ina wajen ƙanwata tun ranar, a rumfar da take shanya kanumfari.

Da farko na ce fushi ne na mata, zai wuce kamar yadda iska ta wuce. Ban gane girman abin da na yi ba sai da aka raba katin karɓar kwanon rufi. Kin san Toyanti maƙwabciyarmu da 'ya'yanta huɗu, kin san yadda zamanta da mijinta Kombo yake. Kwana uku da karɓar kati suka yi faɗa, ya ɗauki jakarsa kamar yadda maza ke yi, ya koma garin uwarsa, katin yana aljihunsa da sunansa a kai, da rubutuna. Na same ta zaune ƙarƙashin tamfol mai yoyo, ta ɗora ƙaramin a cinya. Ba ta zage ni ba. Ta ce kawai, Bako Humadi, dattijonmu, kai da ka san haihuwata a ɗakin nan. Ina zan sa fuskata, Zalhata? Wane teku ne zai wanke wannan?

Na hau motar kaya na tafi Mutsamudu. Na sami Bweni Sitti a ɗakin taro, taswirar tsibirin a bango, idanunta sun yi ja don rashin hutu. Na faɗa mata komai, har daɗin da na ji. Ta riƙe kai. Ita 'yar tsibirin Ngazija ce, gidan da take ciki ma nata ne, ta ce takardar ta wuce ta gabanta cikin gaggawa ba ta lura ba. Sannan ta gaya mini gaskiya: an riga an haɗa lissafin garuruwa duka, jirgin da ke ɗauke da kwano zai sauke na farko ranar Alhamis. In aka buɗe lissafin garinmu, za mu fita daga wannan sahu, sai jirgi na gaba, kuma ba ta da ikon hana ruwan sama. Ta ce ba za ta yanke mana ba, in koma in tambayi gari.

Na tsaya a dandali, inda aka karanta laifina, na faɗa da bakina. Ba ki ga yadda aka yi da ni ba. Tsoho Msa ya ce ashe karatun yamma da duhu-duhu ake yin sa. Wani ya ce matarsa ta kore shi, shi ne yake so kowa ya kwana a ruwa ya taya shi. Amma mata suka zagayo daga bayan katanga, abin da ban taɓa gani ba, Eshati a gaba da sandarta, ta ce sun fi son jiƙewa a gidansu da bushewa a gidan da aka ce ba nasu ba ne. Da haka aka rufe magana.

Kwana shida na yi ina sake bin gidajen, ƙafata ta kumbura. Jirgin Alhamis ya zo ya wuce mu. Ruwa ya sauka sau huɗu kafin na gaba ya iso, ya lalata shinkafar mutane, ya sa wa jikan Msa tari. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Bweni Sitti ta sa an gyara takardar a sauran garuruwan da ba a kai ga rubutawa ba. Toyanti ta karɓi kwanonta jiya da yatsanta.

Ban faɗi wannan don ki yaba mini ba, kurciyata. Wanda ya fasa tulu ba ya neman godiya don ya tsince gutsattsarin. Na faɗa ne don ki san layi na goma sha bakwai yanzu Zalhata Abdu ne a samansa. Kwanon gidanki yana jingine a makarantar gari, ba za a ba kowa ba sai ke, sai kin zo kin dangwala. Kullum da safe nakan bi ta ƙofar in share dokin, ba na shiga. Itacen langilangin bayan ɗaki da muka ɗauka ya mutu ya fitar da toho. Kajinki bakwai ne suka tsira, Nasufu yana ba su abinci, ni ina leƙe ta katanga ina ƙirga su kamar ɓarawo. Kwalekwalen Mwali ya zo sau uku, sau uku ina tsaye a bakin ruwa ina duba kowane shiromani mai ja da fari. Yaya mata suka yi yawa haka a duniya, amma babu ke a cikinsu?

Ba ni da ƙarfin saurayi, ba ni da kuma shekaru masu yawa da zan yi miki alkawari da su. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma ina so in ƙarar da shi inda nake jin tarinki da asuba da ƙarar turminki da hantsi. Wata rana gidan nan zai zama na Anrafa, daga ita ya koma ga wannan 'yar mai goshinki. Ina so ta san kakanta a cikinsa, ko da a matsayin tsohon da aka bari ya zauna a gefen ƙofa.

A ƙarƙashin sunanki akwai wurin da ake rubuta waɗanda ke zaune a gidan. Bweni Sitti ta ce in cike, na ce ba ni da izini. Na bar shi fari. Ga fensir ɗaya daga cikin biyun na saka a cikin wasiƙar nan. In kin zo kin ce a rubuta ni, Anrafa ta rubuta, ko Nasufu, ko duk wanda kika ga dama, ban da ni. In kuma kin ce a bar shi haka, zan ɗora miki rufin da hannuna, ƙusa bayan ƙusa, in sauko in koma rumfar ƙanwata, kuma ba za ki ji na yi ƙorafi ba.

Ki sumbaci goshin jikata. Ki gaya mata kakanta ya yi rawa a cikin laka.

Naki tun ranar da na shigo da akwatina, naki yau da akwatin ke waje, naki har ranar da za a ɗauke ni ba tare da shi ba,

Humadi, baƙon gidanki.